Ruwan kurkurar baki da gansakukar haƙori

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na shekara goma sha ɗaya ina sayar da magani a wani ƙaramin kemis da ke Aboabo, nan Kumasi, kuma a 'yan shekarun nan na lura mutanenmu sun rungumi kwalaben ruwan kurkurar baki, har wasu sun ɗauka kurɓa ɗaya da safe ta wadatar, buroshi da asuwaki kuwa sai in an ga dama. A watan jiya wani dattijo tela ya buɗe mini bakinsa, na ga haƙoran sun rine kamar na wanda ya tsufa da cin goro, alhali ba ya ci. Bayan an cire masa haƙori ne aka rubuta masa wani ruwan kurkurar baki mai suna kuloheksidin na mako biyu, shi kuwa da ya ji daɗinsa sai ya zarce wata huɗu, yana kurkurewa yana bi da shayi. Na ce masa, "Baba, maganin ne ya yi maka wannan rini." Ya ce, "To ɗana, ai cewa aka yi yana kashe ƙwayoyin cuta."

Gaskiya ne yana kashewa, amma akwai inda ƙarfinsa ke tsayawa. Farin dattin nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori tamkar gansakukar cikin randa yake: ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, daga cikin kusan nau'i 700 da aka gano a bakin ɗan Adam, suka manne wa juna, suka kuma gina wa kansu rufi mai danƙo da sukarin da muke sha. A ƙarƙashin rufin suke zubo tsamin da ke cin haƙori ya yi kogo, suna kuma kumbura dasashi har ya riƙa jini. Tun a 1683 Antoni fan Lewenhuk, mutumin garin Delft a Holan, ya kankaro wannan datti daga haƙoransa ya duba da madubin ƙara girma, ya kuma lura cewa ruwan khal yana kashe na saman kaɗai, na ciki suna nan da ransu. Bayan shekara ɗari uku da ɗoriya, wannan matsala ce har yau ɗaliban digirin digirgir ke fama da ita, domin ƙwayar da ke cikin rufi takan jure maganin da ya ninka wanda zai kashe ta a sarari sau ɗari, wani lokaci har sau dubu.

A 1965 likitan haƙori Harald Loe da abokan aikinsa a Arhus ta ƙasar Denmak suka sa masu lafiyayyen baki su daina goge haƙori, cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke. A 1970 shi da Rindom Schiott suka nuna cewa kurkurar kuloheksidin sau biyu a rana tana hana dattin taruwa, saboda maganin yana manne wa haƙori da naman baki ya yi sa'o'i yana aiki. Abin lura shi ne, gwanintarsa ta hana sabon datti zama ce a kan haƙorin da aka riga aka goge. Tsohon da ya yi kauri sai an kankare shi. Wanda ya daɗe yana amfani da maganin kuma zai ga rini da canjin ɗanɗano, ga shi kumfar man goge baki tana rage masa ƙarfi, shi ya sa ake son a ba da tazarar rabin awa a tsakaninsu.

Abin da ya fi damuna shi ne asuwakinmu na gida. A cibiyar Karolinska da ke Sitokhom an yi binciken digirin digirgir a kan icen arak, asuwakin da alhazai ke kawo mana tsaraba, aka gano cewa sinadarinsa mai yaji, irin wanda ke cikin 'ya'yan gwanda, yana kashe ƙwayoyin da ke lalata dasashi. Asuwaki ya haɗa abu biyun da masana ke nema, wato kankara da sinadari a lokaci guda. A kasuwar Kejetiya kuwa ga icen asuwakin da ake kira sokoduwa, ga tuweyapeya, icen namijin goro, ga dogon yaro a kowace unguwa, dubban mutane suna tauna su kullum.

Don haka nake kira ga makarantar likitancin haƙori ta Jami'ar Kwame Nkrumah, da takwararta da ke Korle Bu a Akara, da cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong-Akuapem, su ɗauki nauyin ɗaliban da za su gwada waɗannan itatuwa a kan dattin haƙori da ya riga ya yi rufi, sannan a bakin masu tauna su, a kwatanta da kuloheksidin, kada a tsaya kan ƙwayoyin da ke yawo a kwanon gwaji. In an kammala, ina roƙon a fassara sakamakon zuwa Hausa da Tuwi, a karanta a gidajen rediyonmu na zango.

Naku,
Mai sayar da magani,
Aboabo, Kumasi