Tagogi 250,000 a cikin na'urar James Webb, ku yi mana bayaninsu da Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre nan Kano, kuma ƙorafi ne ya kawo ni. Duk sanda jaridunmu suka ɗauko labarin na'urar hangen nesa ta James Webb hoto kawai ake sa mana, taurari ja da shuɗi, mu ce masha Allah mu wuce. Hoton kam ya haɗu, amma ni abin da ya ɗaure min kai yana can cikin cikinta kuma ban taɓa cin karo da bayaninsa da Hausa ba.

An harba ta ranar 25 ga Disamba 2021, yanzu tana can nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Da hasken infrared take aiki, wanda ido ba ya gani, irin dai na rimot ɗin talabijin, in ka saita kyamarar waya a bakin rimot ka danna za ka ga ɗan haske yana ƙyaftawa, da haka ma muke gwada rimot a shago. To a cikinta akwai wani sashe NIRSpec da hukumar sararin samaniya ta Turai ta samar, shi aikinsa warware haske kamar bakan gizo don a gane sinadaran da ke cikin tauraro da kuma nisansa. Sai dai in ka warware hasken abu dubu lokaci guda cakuɗewa zai yi, kamar ka tsaya tsakiyar Kantin Kwari ana gobe sallah ka ce maganar mutum ɗaya kake son ji.

Shi ne injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, na cibiyar Goddard suka ƙera wasu mitsi-mitsin tagogi kusan 250,000, a jere kan faranti huɗu kamar rariyar tankaɗe, kowace taga da murfinta. Girman guda ɗaya mikron 100 ne a 200, wato faɗinta bai wuce silin gashi ɗaya ko biyu ba. Wallahi ni da nake ɗora ƙananan kaya a kan bod ɗin waya da hancin tsinke ƙarƙashin madubi, wani lokacin numfashi kawai zan yi abu ya tashi na neme shi na rasa, da na ji wannan sai da na ajiye abin da ke hannuna.

Yadda suke buɗewa ma abin sha'awa ne, maganaɗisu ne yake bi ta kansu ya tura murafen su buɗe, wutar lantarki ta riƙe waɗanda ake so, sauran su koma su rufe. Sai ya zamana hasken abin da aka zaɓa ne kaɗai yake shiga, har abu 100 a kallo ɗaya maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk wannan cikin sanyin da ya kai digiri 230 ƙasa da sifiri, mu da hunturun Janairu ke hana mu wankan asuba.

Ba wai komai lafiya lau ba ne fa, wasu tagogin sun maƙale, wasu a rufe wasu a buɗe, kuma ta buɗen ta fi ɓarna tunda hasken da ba a gayyata ba yake kutsowa. Ba mai zuwa can ya gyara, ba kamar tsohuwar na'urar hangen nesa ta Hubble ba da 'yan sama jannati suka je suka yi mata gyara a 1993. Sai dai a san inda masu matsalar suke a kauce musu wajen tsara kallo.

Don Allah Malam Edita ku ware mana ko rabin shafi ne duk sati na irin wannan bayanin. Ina da yara biyu masu koyon aiki a shago, ranar da na zana musu tagogin nan a bayan kwalin caja har magariba suna min tambayoyi, rabi ma ban iya amsawa ba.

Naku,
mai gyaran waya daga Farm Centre, Kano