Me Ya Sa Ampiclox Ba Ya Warkar Da Makero?

Ya Edita,

Ina neman ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato sayen Ampiclox ko Amoxil a kemis don maganin makero, ƙyasbi da ƙaiƙayin gaba irin wanda fumfunar da ake kira kandida ke jawo wa mata. Dangin fumfuna ne ke haddasa waɗannan cututtuka, kuma rashin tasirin maganin a kansu yana da nasaba da irin bangon da ke kewaye da ƙwayar halittarsu.

Da sukari fumfuna ke gina bangonta. Akwai wasu sinadaran aiki da ke zaune a cikin tantanin ƙwayar, suna ɗaukar sukari ɗaya bayan ɗaya daga ciki, suna ɗaura shi a kan na baya, suna kuma tura zaren waje ta wata 'yar kafa yayin da yake ƙara tsawo, kamar yadda mai tufka ke tura igiya gaba. Ɗayansu yana samar da kaitin, wanda shi ne kuma ke cikin ɓawon fara da kyankyaso, ɗayan kuma yana samar da zaren gulukan daga sukarin gulukos. A waje ake sarƙe zarurrukan biyu su yi ƙarfi, har ƙwayar ta iya jure matsin ruwan cikinta ba tare da ta fashe ba.

Shi kuwa dangin penisilin, wanda Ampiclox da Amoxil ke cikinsa, bangon ƙwayoyin bakteriya yake rushewa, wanda gininsa daban ne ƙwarai. Abin takaici ma, yana kashe bakteriya masu amfani a jiki, sai kandida ta samu sarari ta yaɗu.

Akwai maganin da ke tsayar da ginin gulukan, wato caspofungin, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, amma ta jijiya ake ba da shi, ga tsada, kuma wasu nau'o'in fumfuna kan ƙara kaurin kaitin don su tsira. Waɗanda muke samu a nan, irin su clotrimazole da fluconazole, tantanin ƙwayar suke lalatawa, yayin da makeron kan yara ke buƙatar maganin sha kamar griseofulvin na tsawon makonni.

Tun a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'o'in fumfuna 19 masu haɗari. Ina kira ga masu kemis da su riƙa tura mai irin wannan larura asibiti a duba fatar kafin su miƙa masa kafso.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya