Kafin Magini Ya Taɓa Banɗakin Baba

Fukuoka, Japan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Baba, ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sanyi ya fara shigowa, amma aiki da karatu sai godiya.

Na ji saƙonka cewa kuɗin sun iso, kuma magini zai kama aikin banɗakin ɗakin Baba nan da sati biyu. Don Allah ka ɗan dakatar da shi har ka gama karanta wannan.

Ka sha tambayata wane irin aiki ne nake koyo a kamfanin nan. Kayan banɗaki muke tsarawa, na matsattsun gidaje. Yaya, ba ka ga ƙanƙanta ba sai ka zo nan. Akwai girman da suke kira 1216, wato faɗi santimita 120, tsawo 160. Na ɗakina bai ma kai haka ba, ga baho, ga kwanon wanke hannu, ga masai, duk a ciki. A masana'anta ake ƙera shi da roba mai ƙarfi, a kawo a harhaɗa kamar akwati. Kamfanin TOTO ne ya fara wannan dabara a nan Japan a 1964, lokacin da ake gaggawar gama otal ɗin New Otani mai ɗakuna sama da dubu kafin wasannin Olamfik na Tokyo. A irin wannan wuri, kuskuren santimita biyar ya isa ya sa mutum ya riƙa buge gwiwar hannu kullum.

Rabona a aikin shi ne zuwa gidajen mutane, yawanci tsofaffi, domin kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen ƙasar nan sun kai shekara 65. Da farko takardar tambayoyi muke ba su, kusan kowa ya ce ba shi da matsala. Kunyar zancen bayan gida ashe ba mu kaɗai ke da ita ba. Sai mu nemi izini su nuna mana, da tufafinsu a jiki, yadda suke shiga, su zauna, su tashi.

Wata tsohuwa ba zan manta da ita ba. Ta ce mana komai lafiya lau. Da ta zo tashi daga kan masai, sai ta kama ƙarfen rataya tawul ta ja jikinta sama. Na taɓa ƙarfen, kusoshinsa duk sun saki. A gefen ƙofa kuma fenti ya dushe daidai tafin hannunta, inda take dafawa shekara da shekaru. Ita ba ta ma san tana yi ba. Ogana ya auna tsayin wannan tabo daga ƙasa, a nan aka kafa mata madafa. Idan mun koma ofis, da katako da kwali muke gina banɗakin gwaji daidai girman na gaske, a gayyato mutane su shiga, mu yi ta matsar da abu har ya zauna. Ko masan nan mai fesa ruwan tsarki da TOTO suka fitar a 1980, sai da ma'aikata kusan 300 suka gwada shi kafin a tsayar da karkatar bututun a digiri 43, ɗumin ruwan a 38.

Ni ma an yi nazari a kaina. Wata rana abokan aiki suka ga ina ɗaga ƙafa zuwa kwanon wanke hannu ina alwala, ƙafa ɗaya a ƙasa mai jiƙe. Ba su taɓa tunanin wani na amfani da kwanon haka ba, suka sa na maimaita suna aunawa. Ina tsaye da ƙafa ɗaya Baba ya faɗo mini a rai, shi da ke yin alwala sau biyar a rana da wannan gwiwa.

Idan ka tambayi Baba me yake so, ka san amsarsa: “Duk yadda kuka yi ya yi, Allah ya yi albarka.” Saboda haka ka sa ido kwana uku ko huɗu. Ka duba bangon tsohon makewayin, ina ne ya yi duhu saboda dafawa? Ina yake ajiye buta? Inna ta fi kowa sanin wannan, ka zauna da ita. Ka auna kujerar da ya fi jin daɗin tashi daga kanta, tsayinta shi ne tsayin mazaunin alwala, a sa famfo a gabansa ƙasa-ƙasa.

Ƙofa kuwa ta buɗe waje. Wannan kada ka bari magini ya ja da kai, domin idan mutum ya faɗi a ciki, Allah ya kiyaye, jikinsa ne zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki. Tayil ɗin ƙasa a sa mai kaushi, ka zuba masa ruwa tun a shago ka taka ka ji. Dokin ƙofa kada ya yi tudu, a kuma rataya fitila mai caji saboda ɗauke wuta da asuba.

Zancen masai na zama ne ban yanke ba. Ya fi wa gwiwa sauƙi, amma na san Baba da tsoron fallatsin najasa, kuma idan ransa bai kwanta ba zai koma tsohon makewayi ya bar sabon a rufe. Ka kai shi gidan Kawu ya gwada nasu tukuna, ka ji ta bakinsa.

Ka turo mini awon ɗakin da hotunan bangon ta WhatsApp, ni kuma zan zana in aiko wa magini kafin Juma'a. Ka gaida Inna da Baba, ka ce su ci gaba da sa ni a addu'a. A shafa mini kan yara.

Ƙaninka