Hutun Rashin Lafiya A Otal-Otal: A Daina Tura Kuku Kicin Da Gudawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da masu otal-otal da manyan gidajen abinci na garuruwanmu, da manajojinsu, da jami'an da ke riƙe da fayil ɗin ma'aikata, a kan abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato hutun rashin lafiya.

Ƙa'idar da ta fi yawa a wannan sana'a ita ce "ba aiki, ba biya". Ma'aikaci ya kwanta kwana biyu, ƙarshen wata ya tarar an zaftare masa kuɗin kwana biyu, wani wurin har da tara. Mai otal yana ganin ya toshe ƙofar ƙarya ke nan. To amma a duba abin da ke biyo baya. Yaron kicin ya kwana yana zarya tsakanin ɗaki da bayi. Da asuba ya biya kyamis ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya zo ya ɗaura afron, ya tsaya yana yanka kabeji da karas na biki mai mutum 300. Salak ba ya hawa wuta, duk abin da ke hannunsa zai isa faranti yadda yake. Ba mugunta ta kawo shi aiki ba, tsoron zaftare albashi ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Alhali doka ta riga ta yanke magana. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ma'aikaci haƙƙin a biya shi albashinsa har na kwanakin aiki 12 a cikin shekara ɗaya, daga Janairu zuwa Disamba, idan rashin lafiya ta hana shi zuwa kuma likita mai rajista ya tabbatar. Shi ma mai aiki an ba shi nasa haƙƙin: yana iya neman likitan da ya zaɓa ya duba ma'aikacin, kuma dole ma'aikacin ya yarda. Sashe na 19 ya ce tsabar albashi ake lissafawa, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Sashe na 7 kuma ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika da fara aiki, har da yadda za a yi idan ya kwanta ciwo. Masu cewa "ai wannan ba mu ba shi takardar ɗauka ba" su sani dokar ta san yarjejeniyar baki kamar yadda ta san rubutacciya. Mai wanke-wanken da ya shekara biyu ana kiransa ma'aikacin wucin gadi yana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma rashin takardar laifin otal ne. Manajoji da masu aikin ƙwarewa dokar ba ta sa su cikin ma'anar "ma'aikaci" ba, su abin da ke cikin takardar ɗaukarsu ne ke aiki, saboda haka a rubuta musu nasu ƙarara.

Nawa ne ma kuɗin da ake gudu? A ɗauki mai albashin naira 70,000, mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024. A raba da kwanakin aiki 26, kwana ɗaya ya kama kusan naira 2,700. Ko da ya cinye kwana 12 ɗin duka, abin bai kai naira 33,000 ba a shekara. A kwatanta da biki ɗaya da baƙi suka koma gida da ciwon ciki, labari ya zagaya WhatsApp kafin la'asar, da sunan otal ɗin a jiki.

Tsarin da ke aiki ba shi da wuya, sai dai yana son a rubuta shi a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a liƙa a ɗakin canza kaya. Mara lafiya ya sanar aƙalla awa biyu kafin lokacin kama aikinsa, mai aikin dare kuwa awa huɗu, domin samun wanda zai kwana a wurin karɓar baƙi ya fi wuya. Lamba ɗaya za a kira, ta manajan da ke kan aiki. Aika abokin aiki da saƙon "wane ya ce ba ya jin daɗi" ba sanarwa ba ce, don rabin irin wannan saƙo a bakin ƙofa yake mutuwa. Wanda ya ɗauki kiran ya rubuta lokaci, da ranar da ake sa ran dawowa, ya kuma yi tambaya ɗaya ga duk mai taɓa abinci: akwai amai, ko gudawa, ko ido ya yi rawaya? Ranar da ma'aikaci ya dawo, shugaban sashensa ya zauna da shi minti biyar a keɓe. Yaya jiki, an gama shan magani, akwai aikin da ba za ka iya ba tukuna? Wannan ɗan zama yana rage fashin ƙarya fiye da zaftare albashi, domin mutum yana jin nauyin ya riƙa maimaita ƙarya ido da ido.

Inda ake yawan kai ruwa rana shi ne takardar likita. Doka likita mai rajista ta ambata. Mutanenmu kuwa zazzaɓi ya kama su, kyamis suke fara zuwa, karaya ko targaɗe kuma gidan maɗori. Idan aka ce dole sai da takardar asibiti ko don fashin kwana ɗaya, ma'aikaci zai kashe kuɗin kati da na mota da wuni guda a layi don ya ceci naira 2,700. Ƙarshenta ko ya zo aiki da ciwon, ko ya sayo takardar bogi. Shawarata ita ce kwana ɗaya ko biyu a karɓi maganarsa, ya cike ɗan fom ya sa hannu, a iyakance wannan sassauci zuwa sau uku a shekara. Daga kwana na uku sai takarda. Takardar kirki tana ɗauke da sunan asibiti, da sunan likita da sa hannunsa da hatimi, da ranar da aka ga mara lafiya, da adadin kwanakin hutu. Idan an yi shakka, a tambayi asibitin abu ɗaya: ku kuka ba da wannan takarda? Ba a tambayar me ke damunsa. Mafi sauƙi ma otal ya ƙulla yarjejeniya da asibiti ɗaya na kusa, ko ya sa ma'aikatansa a inshorar lafiya, wanda dokar 2022 ta riga ta wajabta. Kano da Kaduna duk suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jiha. Ma'aikacin da ke da katin asibiti a aljihu ba shi da dalilin zuwa da takardar mai kyamis. Wanda ya je wurin maɗori kuwa, a tura shi a ɗauki hoton ƙashin, likita ya rubuta kwanakin.

Masu taɓa abinci, daga babban kuku har mai wanke tukwane da mai kai abinci ɗaki, hukuncinsu daban ne, don su ba a barinsu su dawo ko da sun ce sun warke. Mai amai ko gudawa sai ya cika awa 48 bayan abin ya tsaya da kansa. Maganin tsayar da gudawa yana rufe alamar ne kawai, ƙwayar cutar tana nan tana fita. Wanda idonsa ya yi rawaya, abin da muke kira shawara, ya je a gwada shi. Idan ciwon hanta nau'in A ne, sai ya yi kwana bakwai daga ranar da rawayar ta bayyana. Taifot ya fi duka wayo. Wasu kaɗan daga waɗanda suka warke suna ci gaba da ɗauke da ƙwayar a matsarmamarsu wata da watanni, su garau, masu cin abincinsu na kwanciya. Gwajin jinin nan na Widal da ake yi a ko'ina ba ya wanke mutum, gwajin bayan gida ne ke nuna ko ya rabu da ita. Miki mai ruwa ko ƙurji a yatsa shi ma abin kula ne, saboda ƙwayar da ke cikinsa tana zuba guba a abinci wadda dumame ba ya kashewa, kuma cikin 'yan awoyi baƙo zai fara amai. Ƙaramin yanka a rufe da filasta mai launi, wadda za a gani idan ta faɗa miya, a ɗora safar hannu. Mai ciwon ido irin na afolo a ɗauke shi daga gyaran ɗaki, tun da tawul da rigar filo duk ta hannunsa suke bi. Kuma duk kwanakin da otal ne ya ce ma'aikaci ya zauna a gida, a biya shi, kada a cire daga 12 ɗinsa. In ba haka ba, daga ranar babu wanda zai sake faɗin gaskiya game da cikinsa.

Dalilin da ya sa fashin mutum ɗaya ke girgiza otal shi ne tun farko ba a lissafa yawan ma'aikata daidai ba. Wurin karɓar baƙi ba ya rufewa: kamun aiki uku na awa takwas-takwas a rana, wato 1,095 a shekara. Ma'aikaci ɗaya, in an cire ranar hutunsa ta mako guda 52, da mafi ƙarancin hutun shekara na kwana 6, da 12 na ciwo, saura masa 295. A raba, za a ga kujerar tana bukatar kusan mutum huɗu. Da yawa uku suke sawa, wasu biyu masu awa goma sha biyu-sha biyu. Haka gyaran ɗaki: ɗaki 60 a cike, mata huɗu, kowace 15. Ɗaya ta kwanta, sauran sun koma 20, ga ɗaga katifa ga durƙuso a bayi. Mako mai zuwa ta biyu ce za ta kwanta da ciwon baya. Maganinsa a koya wa wasu aikin sashe biyu, mai raba abinci ya iya karɓar baƙi, mai wanki ta iya gyaran ɗaki, a kuma ajiye lambobin mutum uku ko huɗu da aka riga aka gwada, a kira su aikin yini. A ƙara shiri da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, da kuma hunturu mai mura da tari.

A riƙa rubuta kowane fashi da ranarsa. Bayan wata shida littafin zai yi magana: wane kullum washegarin albashi, wance kullum ranar Litinin, sashen wanki duk sun fi kowa kwanciya, wataƙila zafin ɗakin guga ne ko sinadarin da suke shaƙa. Sau da yawa kuma za a tarar mai fashin lafiyarsa ƙalau, ɗansa ne aka kwantar, ko rasuwa aka yi a ƙauye, ya rasa sunan da zai kira uzurinsa sai ya ce zazzaɓi. A ware kwana uku zuwa biyar na uzurin iyali daban, lissafin ciwo zai dawo gaskiya.

Kada a haɗa ciwo da raunin aiki. Kukun da mai ya ƙone, ko mai goge-gogen da santsi ya kayar, yana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa da kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da mai aiki ke zubawa. Ma'aikaci ya sanar da otal cikin kwana 14, otal ya sanar da hukumar cikin kwana 7. Har hatsarin da ya faru tsakanin gida da wurin aiki yana ciki, shi ya sa ake son adireshin kowa ya kasance daidai a fayil. Otal ɗin da bai yi rajista ba, ranar da tukunyar gas ta yi aikinta shi kaɗai zai ɗauki kayan.

Ciwo mai tsawo, kamar tarin fuka da ake shan maganinsa wata shida, ko sikila mai tasowa lokaci-lokaci, kwana 12 ba su isarsa, dokar kuma a nan ta tsaya. Gara otal ya rubuta nasa mataki tun kafin a san wa zai faɗa wa: misali wata ɗaya cikakken albashi, wata biyu rabi, sannan likita ya faɗi ko zai iya dawowa, ko a sauya masa aiki mai sauƙi. In ba a rubuta ba, ɗan'uwan manaja zai sha wata huɗu ana biyansa, mai shara kuma a sallame ta a mako na uku, sauran ma'aikata suna kallo. Sirri ma wajibi ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu bukatar tsaro na musamman, dokar 2014 kuma ta hana nuna bambanci ga mai cutar HIV a wurin aiki. Takardun asibiti su zauna a durowa mai makulli, daban da fayil ɗin aiki. Shugaban sashe kwanaki nawa kawai zai sani, sunan ciwon ba na rukunin WhatsApp ɗin ma'aikata ba ne.

Saura kuɗin sabis, kashi 10 cikin 100 ɗin nan da otal da yawa ke ɗorawa a kan kuɗin baƙo a raba wa ma'aikata. A wasu wurare wanda ya yi fashin kwana ɗaya tak ya rasa kasonsa na wata gaba ɗaya, kuma ga ƙaramin ma'aikaci wannan kaso shi ne kuɗin cefane. Da irin wannan doka, ko an biya albashin ciwo, mai gudawa zai zo aiki. A raba shi bisa kwanakin da mutum ya yi: wanda ya zo kwana 24 cikin 26 a ba shi kason kwana 24, wanda otal ya tsayar saboda abinci kuma a ba shi nasa cikakke.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Daga wani jami'in kula da ma'aikatan otal,
Kano.