Shaida ce jarinmu a Legas, a daina wasa da ita

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan kalmar shaida, don mu nan Legas da ita muke cin abinci. Kowa ya san shaidar kotu da takardar shaidar gama makaranta, ga kuma katin NIN da na LASRRA, wato katin rajistar mazauna Jihar Legas, da ake ta cewa mu yanka. Ko a kasuwar Mile 12 in mota ta sauke buhunan albasa za ka ga kowane buhu da shaidar mai shi an shafa da fenti. Amma wadda nake nufi ita ce ta bakin mutane.

Yaro zai sauko daga saman tirela a Agege ba shi da kowa sai leda ɗaya, ba mai ba shi gadi ko ɗakin kwana ko ya ɗora shi kan tebur sai wani dattijo ya ce "na shaide shi", shi kenan magana ta ƙare, kuma in yaron ya ci amana dattijon za a nema. Ni ma haka aka yi min, har gobe ina jin nauyin mutumin nan. Kuma ita dai shaidar ce bulalarmu, ranar da aka ce wane ba shi da shaida to ba ɗan sanda ba kotu amma dillali ba zai ƙara ba shi kaya bashi ba, in ya je neman aure a ce ana bincike. Malamai na kawo hadisin Anas na gawa biyu, ɗaya aka yabe ta ɗaya aka ambace ta da sharri, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata a kan kowacce, wato Aljanna ga ta farko, wuta ga ta biyu, bisa shaidar mutane. To ka ga abin ya wuce kasuwa.

Abin da ke ƙona min rai, watan jiya kuɗi suka ɓata a wani shago kusa da mu, kafin la'asar hoton yaron shagon ya zaga WhatsApp da murya ana cewa kar wanda ya ɗauke shi. Bayan kwana uku aka gano kuɗin, amma wlh ba wanda ya sake tura murya ya wanke shi. Na gan shi bakin masallaci da jakarsa yana neman kuɗin motar Funtuwa.

Ina roƙon Sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba da Mile 12 su sa doka, kar a yaɗa hoton kowa sai an zaunar da shi an ji ta bakinsa, wanda ya ɓata mutum kuma ya fito ya wanke shi a gurufin da ya ɓata shi.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Agege, Legas