Ba haka ake karanta duwatsun Mars ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin kimiyya na makon jiya ya ɓata mini rai. Wai na'ura tana leƙa duniyar Mars daga sama, ta ga launi, sai ta ce nan yumɓu ne, can gishiri. Haba! Da abin haka yake, da ba ma kwana gaban kwamfuta muna gyaran hotunan tauraron ɗan adam.

Sana'ata ke nan, ko da yake hotunan wannan duniyar tamu nake gyarawa. Fili ɗaya, a ɗauke shi da hantsi, a sake da la'asar, awon hasken da ya dawo ba zai zo ɗaya ba, alhali ko tsakuwa ba ta gusa ba. Gangaren da ke kallon rana ya yi fari fat, na bayansa ya yi duhu, ƙasar kuwa iri ɗaya ce. Dole a san inda rana take, inda na'ura take, da kusurwar da ke tsakaninsu, sannan a mayar da kowane awo kan ma'auni guda. Masu nazarin wata sun tsayar da nasu: rana ta karkata digiri 30, na'ura tana tsaye bisa kai. Saboda tasirin kusurwar nan, cikakken wata ma ai ya ninka rabin wata haske wajen sau goma, ba sau biyu ba.

Ga kuma iska. Hasken yana ratsa iskar Mars sau biyu, shiga da fita, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari nata kabon dayoksaid ne, mai shanye haske mai tsawon zango wajen maikuron 2 (maikuron kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), dab da inda ake neman alamar ma'adinai masu ruwa. Masu na'urar CRISM, wadda ta riƙa auna hasken Mars daga sama, sai da suka auna ƙolin Olympus Mons, wani ƙaton dutse a Mars, da gindinsa, bambancin ya nuna musu rabon iska, suka cire shi. Ƙura kuwa har gobe tana wahalar da su.

Abin da ya fi ƙona mini rai, baƙon ya kawo labarin gishiri mai ruwa a Mars da hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta sanar a 2015 kamar magana ta ƙare. A 2018 wasu masana sun nuna cewa wajen tace bayanan ma irin wannan alama tana iya ɓullowa, ba tare da gishirin ba. Mai gabatarwa bai ce masa uffan ba, sai "ikon Allah" yake ta yi.

Don Allah kuma ku rage kiɗan nan da kuke sakawa ƙarƙashin murya, sai na manna rediyo a kunne nake jin lambobin.

Naku,
Mai sauraro