Amsa ga ɗana da ya tambaye ni a kan jiragen zinaren Dunkwa

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da abokan aikinka na Akra. Tambayarka ta iso ni, ko da yake ba ta hanyar da 'ya'yan maƙwabta suka saba kawo mini magana ba. Su sallama suke yi a zaure, a shimfiɗa musu tabarma. Kai kuwa lasifika ka karɓa ranar taron matasan zango, da ka ga ban tanka ba ka sake rubuta ta a Facebook, ka rataya sunana a kai. To, madalla. Tunda a bainar jama'a ka kira ni, a nan zan amsa maka.

Don waɗanda ba su ji ba, ga abin da ka ce. Ka tambaya me ya sa nake bin tsofaffi gida-gida ina ɗaukar hirarsu a kan zamanin jiragen haƙar zinare na kogin Ofin da ke nan Dunkwa a ƙasar Gana, ina yaɗawa sai ka ce wani zamanin alheri, alhali waɗannan jirage su suka fara kashe kogin. Ka tambaya ko masu galamse, wato haƙar zinare ba bisa doka ba, su ne ke ba ni na goro don in wanke musu sana'a. Sannan ka rufe da cewa mutanen da nake yabo baƙi ne da suka zo cin arziki, suka bar wa masu ƙasa mataccen kogi.

Zancen na goro ba zan ɓata masa tawada ba. Ka san gidana, ka ci tuwo a cikinsa kana yaro, kwanon rufin da ka sani shi ne har yau. In akwai mai galamsen da ke biyana, don Allah ka sanar da shi kuɗin ba sa isowa. Ni dai ban taɓa miƙewa a taro na tambayi wanda ke biyan kuɗin otal ɗin da kuke bitocinku na muhalli ba, ba kuma yau zan fara ba.

Abin da ya yi mini ciwo shi ne kiran iyayenmu baƙi. Da wani na nesa ne ya faɗa, sai in ce rashin sani ne. Amma kai? Kakanka na wajen uwa da mahaifina jirgi ɗaya suka yi aiki, aikin dare ɗaya suke fita, sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin zango, maƙabarta ɗaya kuma suke kwance yanzu a garin nan. In su baƙi ne, kai ɗan wane gari ne?

Tun Bature bai san hanyar Ofin ba fatakenmu ke zuwa Gwanja sayen goro, suna sauka Salaga, zinaren ƙasar Akan kuma ya daɗe yana bin hanyar arewa a hannun Wangarawa. Da aka shimfiɗa dogo daga Sekondi, ya kai Tarkwa a 1901, ya ratsa Dunkwa ya isa Kumasi a 1903, sai zanguna suka haɓaka a garuruwan da ke kan layin. Ma'adinan kudu ba su samu isassun hannaye daga ƙauyukan da ke kewaye da su ba, domin mai gonar koko ba ya barin gonarsa ya shiga rami saboda 'yan sulalla. Daga arewa aka riƙa nemo leburori, da sa hannun gwamnatin mulkin mallaka, wasu kuma suka biyo 'yan uwansu da ƙafa: Dagara, Frafra, Mosawa, Zabarmawa, Hausawa. Neman su aka yi, ɗana. Da aka yi babban yajin aikin ma'adinai daga ƙarshen 1955 zuwa farkon 1956, wanda ya haura wata uku, ba wanda ya tsaya tambayar mai jin yunwa takardar haihuwarsa.

Mun taɓa jin wannan magana ta baƙunci daga bakin da ya fi naka ƙarfi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ba a haife ka ba, ni kuwa ina da wayona. Na ga mata sun baje kwanukan ɗakinsu a ƙofar gida suna sayarwa a wulaƙance, na ga tela ya ba da keken ɗinkinsa a kuɗin mota. Na ga samarin da aka haifa a nan, waɗanda Twi ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa, an ɗora su a babbar mota za a kai su Sakkwato ko Yamai, inda ba su san ƙofar kowa ba. Har yau ɗan zango in ya je neman takardar ɗan ƙasa, sai ya amsa tambayoyin da ba a yi wa mai suna Kwame. Kai da kanka ka sha su, na sani, domin mahaifiyarka ta kawo mini kuka a lokacin. Shi ya sa na yi mamakin jin su yau a bakinka, da lasifika.

Yanzu ga jirgin, tunda ba ka taɓa ganin sa yana aiki ba. Gini ne na ƙarfe mai hawa-hawa, a kan ruwa. A gabansa akwai doguwar sarƙa ta manyan bokitan ƙarfe tana juyawa ba hutu. Kowane bokiti sai ya nutse, ya kankaro ƙasan kogi, ya hau da laka da tsakuwa, ya juye cikin wata ƙatuwar ganga mai huda-huda da ke birgima ana fesa mata ruwa. Yashi mai nauyi ya zube ta hudojin ya bi inda ake tare zinare, daga baya a kama shi da zaiba. Duwatsu kuma su fita ta baya su taru tsibi-tsibi. Da wayoyin ƙarfe da aka ɗaure a gaɓa ake jan jirgin, kaɗan-kaɗan. Ba lallai ma ya tsaya a tsakiyar kogi ba. Yana cin gabansa yana cike bayansa, yana tafe da tafkinsa, har ya ratsa fadama sukutum.

Aikin mahaifina shi ne zuba wa wannan sarƙa giris. Yakan dawo da asuba da rigar da sabulu ya sallama, ya yi salla, ya kwanta. A ƙarshen rayuwarsa sai an ɗaga murya yake ji, kuma ba shi kaɗai ba ne a cikin sa'o'insa. Ƙugin jirgin ba ya tsayawa dare da rana, har ya zama a cewar iyayenmu mata, in ya yi shiru cikin dare ne suke farkawa su zauna, domin shirun na nufin wani abu ya karye, ko wani ya ji rauni, kuma ba mai sanin mijin wace ce sai gari ya waye. Wurin da ake tara zinaren a kulle yake, makullin yana hannun manya. Mutumin nan ya ƙare ƙarfinsa a kan jirgin zinare bai taɓa riƙe zinare a tafin hannunsa ba. Wannan shi ne mai cin arzikin naka.

Ka tambayi masu jirgin mana. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara sa irin waɗannan jirage a kogunan ƙasar nan, Ofin da Ankobra na cikinsu, masu hannun jari suna zaune a Landan. Izinin haƙa kuwa daga sarakuna masu ƙasa aka karɓa, suka amshi kuɗin haya, gwamnati ta buga hatimi. A 1961 gwamnatin Nkrumah ta kafa hukumar ma'adinai ta ƙasa, ta karɓi kamfanin jiragen Bremang tare da ma'adinan Tarkwa da Prestea da Bibiani. Daga ranar jiragen suka zama na gwamnatin Gana, wato na masu ƙasa, suka ci gaba da cin kogin yadda suka saba. A shekarun 1990 aka sayar wa 'yan kasuwa, ba a jima ba aikin ya tsaya. Kai mai shiga ɗakunan ajiyar takardu ne a Akra. Ka duba duk waɗannan yarjejeniyoyi, ka nuna mini sa hannun ɗan zango guda ɗaya.

Ka ce yabo nake yi. Ka saurari hirarrakin kuwa, ko kanunsu kawai ka karanta a waya? A cikinsu akwai tsohuwa, 'yar asalin ƙasar Denkyira da Dunkwa ke cikinta, da ta ba ni labarin gonar mahaifinta ta bakin kogi, yadda ta koma tudun tsakuwa wanda ko rogo ba ya yi. Akwai masunci da ya lissafa mini kifayen da ya daina gani. Akwai masu tuna kududdufan da jirgi ya bari a baya, matattarar sauro, inda ake hana yara zuwa wanka amma ba sa hanuwa. Ban yanke ko kalma ɗaya daga wannan ba. Sai dai su waɗannan tsofaffi su ne kuma ke tuna albashin ƙarshen wata, da cikar kasuwa ranar biya, da jirgin ƙasa mai zuwa kan lokaci, da ƙwallon ma'aikata, da yadda lebura ya iya sa ɗansa a makaranta. Mutum ɗaya yakan faɗi duka biyun a zama ɗaya, ya yi dariya ya share hawaye. Ba zan ce wa dattijo ya rage rabin rayuwarsa don ta shiga rahotonku ba.

Kuma da ka yi haƙuri, da ka gane hirar nan makami ce a hannunka. Su waye za su shaida maka yadda Ofin yake kafin yau, in ba su ba? Su ne ke cewa ko a zamanin jiragen akwai wuraren da ake ɗiban ruwa, ake wanki, ake jefa ƙugiya. Yau ka tsaya kan gadar Dunkwa ka leƙa, ruwan ya koma kalar koko, kauri ma kusan ɗaya. Wancan zamanin jirage ƙidayayyu ne, kowa ya san mai su da ofishinsa. Yanzu canfan ne birjik a kan ruwa, inji a kan katako da ganguna, yana zuƙo ƙasan kogi da mesa, a gaɓa kuma katafila na yage gonakin koko, zaiba ana ƙona ta a fili, yara na shaƙa. A watan Yuni na 2010 ramin galamse ya rufta kusa da garin nan ya binne mutane da dama. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya fito ya ce dattin kogin Pra, wanda Ofin ke zuba a ciki, ya ninka abin da injinan matatar Sekyere Hemang za su iya tacewa, mutanen Cape Coast da Elmina suka shiga wahalar ruwa.

Ba na musun cewa akwai yaranmu a cikin galamse. Akwai su, kamar yadda akwai yaran kowace ƙabila a ƙasar nan. Suna nutso, suna wanke yashi, suna ɗaukar kaya, wato matsayin kakanninsu bai canza ba, sai dai babu albashi babu asibiti. Amma katafila ɗaya kuɗinta ya fi kuɗin gidajen layinmu in an haɗa. Wa ke sayo ta? Wa ke fito da ita daga tashar jiragen ruwa, a ɗora ta kan tirela, ta wuce shingayen hanya har daji ba wanda ya gan ta? Dokar 1989 da ta halatta ƙaramin haƙar zinare 'yan ƙasa kawai ta ba izini, amma a 2013 sai da aka mayar da 'yan ƙasar Sin dubbai gida, kuma ba a zango suka samo filayen da suka haƙa ba. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya ce ya sa kujerarsa a kan wannan yaƙi, aka fito da sojoji, aka kama katafiloli. A 2020 ministan muhalli na lokacin, Farfesa Frimpong-Boateng, ya faɗi da bakinsa cewa da yawa daga cikin waɗanda aka kama sun ɓace, aka riƙa ruwaito cewa sun kai wajen ɗari biyar. Katafila ɗari biyar, ɗana! Ban ji ka karɓi lasifika a kan wannan ba. Na fahimta kuma: masu amsar suna da lauyoyi, wasunsu ma a babban teburi suke zama ranar bitocinku, tsohon malamin makaranta mai fansho kuwa ba abin da zai iya sai rubutu.

Abin da ya sa nake yawo da na'urar ɗaukar murya ke nan. Littattafan kamfani sun rubuta nauyin zinaren kowace shekara da sunayen injiniyoyin Turawa. Lebura lamba ce a takardar biya, wani lokaci ma sunan da aka rubuta masa ba nasa ba ne, sunan ƙabilarsa ne aka liƙa wa na yanka, shi ya sa ake ta samun su Musa Mosi da Ali Frafra. Garin da ya yi kusan ƙarni yana jin ƙugin jirgi, yaransa na makaranta sun fi sanin tarihin Yaƙin Feyiase na 1701 tsakanin Asante da Denkyira fiye da abin da kakanninsu suka yi da hannunsu a bayan gari. Tsofaffin kuma tafiya suke. Duk wanda aka kai makwanci, da nasa labarin yake tafiya, na daɗi da na ɗaci.

Sauran tambayoyinka na yafe. Maganar baƙunci ce ban yafe ba, kuma ba ni za ka ba haƙuri ba. Ranar Asabar bayan la'asar zan ɗauki hirar wata gwaggonka, wadda ta yi shekaru tana kai wa ma'aikatan dare waake da shayi a bakin kogi, kakanka yana cikin masu cin bashinta. An karanta mata abin da ka rubuta. Ta ce kada in amsa maka a madadinta, a turo mata kai.

Wassalam.

Babanka na zangon Dunkwa